Kundin Aikin Shirya Katakon Cikin Gida Kafin Sabon Fenti

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagewa, wato shirya katakon da ya kewaye cikin gidan nan domin a sake masa fenti. Abin da nake nufi shi ne firam ɗin ƙofofi da na tagogi, da kuma siririn katakon nan da ke bin gindin bango a kowane ɗaki. Na zaga da tef ɗin awo da littafi, na ƙirga firam 7 na ƙofa da 9 na taga, katakon gindin bango kuwa ya kai mita 68 idan aka haɗa na ɗakuna da na hanyar da ke tsakaninsu.

Shekara 4 ke nan da aka yi wa katakon nan fenti na ƙarshe, kuma ba a cika shekara guda ba ya fara ɓarewa a gefen ƙofofi, inda hannu ke yawan taɓawa. Yanzu abin ya kai idan mutum ya sa farce ya ja, fentin yakan taso dogo kamar saɓar maciji, ya bar wani tsohon fenti mai sheƙi a ƙarƙashinsa. Wanda ya yi aikin ya gama gidan duka cikin kwana 2, ni kuwa a lokacin na ɗauki wannan saurin a matsayin ƙwarewa, ban tambaye shi ko ya wanke katakon ko ya goge shi ba. A wannan karon na yanke shawarar ba zan buɗe gwangwanin fentin ƙarshe ba sai na tabbatar cewa abin da zan shafa shi a kai zai riƙe shi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Kafin in taɓa samfefa, wajibi ne in san irin fentin da ke kan katakon. Na jiƙa auduga da sifirit, na goga a wani ɓoyayyen wuri a bayan ƙofa na kamar rabin minti. Fentin sama ya yi laushi ya biyo audugar, wanda hakan ke nuna fentin ruwa ne. Da na kai ga mai sheƙin da ke ƙasa, na goga har hannuna ya gaji amma ko gezau bai yi ba, wato shi fentin mai ne.

A nan asirin ɓarewar ya tonu. Fentin mai ba bushewa kawai yake yi ba, yana haɗuwa ne da iska ya daskare ya zama fata mai tauri da santsi, kuma yana ƙara tauri yayin da shekaru ke tafiya. Idan aka shafa fentin ruwa kai tsaye a kan wannan santsi, ba tare da an kashe sheƙin da samfefa ko an sa shafen farko mai kamawa ba, sabon fentin zai kwanta ne kawai a kai, ba zai sami abin da zai riƙe ba.

Na kuma ɗauki wuƙa mai kaifi na yi ƙaramin yanka a karkace a wurare daban-daban, don in ga hawa nawa na fenti ke kan katakon. A ɗakunan da aka ƙara ginawa daga baya hawa 2 ne, farin fentin mai da fentin ruwan da ke kansa. A falo da tsofaffin ɗakuna 2 kuwa akwai hawa na 3 can ƙasa, mai launin madara, mai kauri, wanda yake tsattsagewa idan wuƙa ta shiga. Wannan hawan ne ya sa na dakata.

Talata, 7 ga Oktoba

Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, domin an daɗe ana amfani da farar dalma wajen ba fenti launi da ƙarko, ana kuma sa wasu sinadaranta don ya yi saurin bushewa. Sanin illarta ba sabon abu ba ne, tun a shekarar 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma wajen fentin cikin gine-gine, Amurka kuma ta haramta fentin dalma a gidajen zama a 1978. Amma dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wurare da dama an ci gaba da sayar da irin wannan fenti shekaru masu yawa bayan haka, saboda haka shekarun gida kaɗai ba su isa hujja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ne suka fi shiga haɗari, saboda ƙwaƙwalwarsu tana kan girma, suna rarrafe a ƙasa, suna kuma kai hannu baki. Ina da yaro ɗan shekara 2 a gidan nan, katakon gindin bango da bakin taga kuwa daidai tsayinsa suke.

Na samo ɗan kayan gwaji mai kama da tsinken auduga, irin wanda yake komawa ja-ja idan ya taɓa dalma. Sharaɗinsa shi ne a yanka fentin har zuwa katako domin maganin ya taɓa kowane hawa. A sababbin ɗakuna launin bai sauya ba. A firam ɗin falo da na tsofaffin ɗakunan kuwa, nan take bakin yankan ya yi ja daidai kan hawan ƙasa mai launin madara. Irin wannan gwaji ba ya kai na ɗakin bincike inganci, yana iya kuskure, musamman wajen cewa babu alhali akwai, amma tunda ya nuna akwai, na ɗauka akwai ɗin ne.

Wannan ya sauya tsarin aikin gaba ɗaya. Fentin dalma da yake lafiya lau, a rufe ƙarƙashin wani fenti, haɗarinsa kaɗan ne; ƙurarsa da ɓarɓashinsa su ne guba. Saboda haka a tsofaffin wuraren ba zan goga samfefa a bushe ba, ba zan yi amfani da injin gugar katako ba, ba kuma zan ƙona fentin da wuta don ya taso ba, domin zafi mai tsanani yana mai da dalma hayaƙin da ake shaƙa. Zan cire fentin ruwan da ke sama kawai, in kashe sheƙin hawan tsakiya a jiƙe, in bar na ƙasan a inda yake. Da a ce hawan ƙasan ne yake ɓarewa ko'ina, da ban yi aikin da kaina ba, da ƙwararru zan nema.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na fara da tsofaffin ɗakuna. Mun kwashe kaya da darduma da labule, na shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa na manne bakinta da salatif, na kuma rataya wata a bakin ƙofa don ƙura kada ta fita. Mun shirya da uwargida cewa yara ba za su shiga ɓangaren ba har a gama, kuma takalmin da nake aiki da shi ba zai ƙetare ledar ba. Na kwance marikan ƙofofi da sakatun tagogi, na zuba na kowace ƙofa a ledarta tare da ƙusoshinta, na rubuta sunan ɗakin a kai. Kewaye ƙarfe da salatif ya fi sauƙi, amma kwance shi ya fi tsabta, domin a gefen ƙarfen ne tsohon fenti ya fi taruwa ya yi tudu.

Daga nan sai wanki. Mutane da yawa suna ganin tunda za a goga samfefa, ba sai an wanke ba, alhali samfefa ba ta cire maiƙo, tura shi take yi cikin ƙananan zanen da ta yi, ita ma ta toshe. Na haɗa ruwan ɗumi da sabulun cire maiƙo a bokiti ɗaya, ruwa zalla a wani bokitin, ina wankewa da soso ina ɗaurayewa da tsumma, ina kuma matse su sosai don kada ruwa ya kwarara bayan katakon. Ɗaurayar tana da muhimmanci kamar wankin, domin ragowar sabulu ma tana hana fenti kamawa. Firam ɗin kicin sai da na wanke shi sau 3 kafin yatsa ya daina jin danƙo a samansa, inda tururin girki ke sauka.

A kusurwar tagar banɗaki na tarar da baƙaƙen ɗigo na funfuna. Na shafa musu bilic da aka surka da ruwa, taga a buɗe, na bar shi ɗan lokaci sannan na ɗauraye. Ban haɗa shi da wani maganin wanki ba, domin haɗa bilic da abin da ke da amoniya ko asid yana fitar da iska mai guba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ban yi komai ba yau ban da buɗe tagogi don katakon ya sha iska. Da na duba da yamma, na lura gindin firam ɗin banɗaki har yanzu yana da danshi alhali sauran sun bushe. Na yi masa alama da fensir.

Laraba, 15 ga Oktoba

Dare 3 ke nan ina kankare fentin ruwan bayan na taso daga aiki. Inda bai kama ba, yana biyo ƙarfen kankara cikin sauƙi. Wahalar tana wuraren da ya ɗan kama, domin akwai jarabar a bar shi tunda bai taso da kansa ba. Dabarar da na bi ita ce in manna salatif mai ƙarfi a wurin, in danna, in fizge. Idan fenti ya biyo shi, to wurin ma sai an kankare. Sabon fenti yana ɗan tsukewa yayin da yake bushewa, kuma wannan jan ya isa ya ɗaga tsohon da yake riƙe da ƙyar.

Ina riƙe ƙarfen a kwance-kwance, ina bin tsawon katakon, domin da zarar kusurwarsa ta nutse sai ta yi rauni wanda dole a cike daga baya. A lungunan ado na firam, inda faffaɗan ƙarfe ba ya shiga, na yi amfani da ƙaramar wuƙa da tsohon buroshin haƙori. A tsofaffin ɗakuna kuwa nakan fesa ruwa kafin in kankare, ɓarɓashin ya faɗi a jiƙe kan leda, in tattara shi cikin jaka in ƙulle kafin ya bushe. Ina sanye da safar hannu da takunkumi mai matatar ƙura wanda ya kama fuska sosai, ba irin na yadi ba, kuma ba na ci ko sha a cikin ɗakin.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gayyato wani dattijon kafinta ya duba firam ɗin banɗakin. Ya durƙusa, ya danna bakin sukundireba a gindin katakon, sai ta nutse kamar a cikin soso. Ya ci gaba da dannawa yana hawa sama har ya kai inda katakon ya ƙi shiguwa, wajen santimita 20 daga ƙasa.

Na ce masa, “Baba, ba za a iya ƙwaƙule ruɓaɓɓen a cike da fila ba?”

Ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, fila tana cike rami ne a katako mai lafiya, ba ta zama katako. Kuma kafin mu yanke komai, nuna mini inda ruwan yake fitowa, in ba haka ba sabon ma haka zai yi.”

Mun bi sawu muka gano ƙasan banɗakin yana ɗan gangarowa wajen ƙofa, ruwa yana taruwa a gindin firam, kuma ƙarshen katakon yana zaune kai tsaye a kan siminti. Ya bayyana mini cewa bakin katako, wato inda zarto ya ratsa jijiyoyinsa, yana zuƙar ruwa fiye da gefensa nesa ba kusa ba, domin ta waɗannan hanyoyin ne bishiya take jan ruwa tun tana raye. Ya yanke ruɓaɓɓen har ya ɗan shiga cikin mai lafiya, ya yi yankan a karkace don mahaɗar ta yi faɗi gam ya sami wurin kamawa, ya sassaƙa sabon guntu daidai siffar tsohon. Kafin ya haɗa, ya sa na shafe bakin sabon katakon da shafen farko sau 2, ya kuma bar 'yar tazara tsakaninsa da ƙasa. Wannan firam ɗin yana sabon ɓangaren gidan, don haka maganar ƙurar dalma ba ta taso ba. Batun gangaren ruwan kuwa na mai gini ne, kuma za a gyara shi kafin in kai ga fenti a wurin.

Ya kuma duba kusurwoyin firam 3 da suka buɗe baki a sama. A cewarsa katako yana kumbura yana tsukewa ne ta faɗinsa gwargwadon danshin iska, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, shi ya sa kusurwar da aka haɗa a karkace take buɗewa. Ya zuba gam, ya matse, ya ɗaure su da siraran ƙusoshi ta gefe.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na bi katakon gindin bango ina dannawa da tafin hannu, duk inda ya yi motsi na ƙara masa ƙusa. Kawunan ƙusoshin da suka leƙo na nutsar da su da ɗan ƙarfe mai tsini da guduma, kamar milimita 2 ƙasa da fuskar katako. Waɗanda suka yi tsatsa na goge kansu na ɗiga musu fentin hana tsatsa, domin tsatsa tana ratso fentin ruwa ta fito kamar ɗigon jini.

Abin da ya ci mini lokaci shi ne silikon da aka toshe gefen tagogi 4 da shi. Fenti ba ya kama silikon ko kaɗan, tattarewa yake yi ya zame, kuma ko siririn saura aka bari sai ya nuna kansa. Na yanke shi da reza ta gefe biyu, na zare, na kankare ragowar, sannan na goge wurin da sifirit.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Gugar samfefa ta kai rabi. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta, ƙaramar lamba mai kaushi ce, babba kuma mai laushi. Na ajiye lamba 80 gefe, domin zanen da take bari yana fitowa ta cikin fenti mai sheƙi. Da lamba 120 nake daidaita inda akwai tudu ko tsohon fentin da ya zubo ya daskare, sannan in bi ko'ina da 180. Manufar ba a kai ga tsiraicin katako ba ce, a kashe sheƙin ne kawai har fuskar ta yi dishi-dishi. Idan na karkata kaina na ga wuri yana walƙiya, to ban gama da shi ba.

Inda fentin mai ya ɓantare har katako ya bayyana, bakin tsohon fentin yakan zama kamar matakala, kuma komai kaurin sabon fenti ba zai ɓoye ta ba. Sai an goge bakin a hankali ya kwanta, har yatsa ya wuce daga katako zuwa fenti bai ji gaɓa ba. Na fi yarda da yatsa a kan ido a wannan aiki, nakan ma rufe ido in shafa. A shimfiɗaɗɗen wuri ina naɗe samfefar a guntun katako don kada yatsu su yi kwari, a lungunan ado kuma ina amfani da soson guga mai lanƙwasa, ina kiyaye kada in cinye kaifin gefuna, domin kaifin nan shi ne kyan firam. Kullum hannuna yana bin tsawon jijiyar katako, ba ya gitta ta.

A tsofaffin ɗakuna da samfefar da ba ta jin ruwa nake aiki, ina tsoma ta a bokiti, ina guga a hankali, ina share farar lakar da tsumma kafin ta bushe. Da na ga alamar launin madara ya fara leƙowa sai in tsaya. Inda hawan ƙasan ya riga ya ɓantare, ban yi ƙoƙarin kwantar da bakinsa da guga ba, zan cike matakalar da fila ne. Ruwan bokitin ba na zubar da shi a tsakar gida ko wurin shuka, tsummokaran kuma jaka suke shiga. Kayan da na yi aiki da su daban ake wanke su, ni ma sai na yi wanka kafin in ɗauki yaro.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau ranar cike ramuka ce. Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikitawa, kuma kowanne da wurinsa. Fila tana bushewa da tauri ana iya goge ta, don haka ta dace da ramin ƙusa da rauni a jikin katako. Mannen akrilik da ake matsowa daga kwalba mai tsini kuwa yana zama da taushi, ba ya goguwa da samfefa, aikinsa toshe tsaga tsakanin abubuwa biyu masu motsi daban, kamar katako da bango. Wanda ya sa manne a ramin ƙusa zai ga ɗan kwari bayan fenti, wanda kuma ya sa fila a tsagar bango zai ga ta tsage.

Ƙananan ramuka na cike su da filar da ke zuwa a shirye, ina dannawa da wuƙar fila ta shiga sosai, ina barin ɗan tudu saboda takan tsuke. Manyan raunuka da gefunan da suka ɓalle na yi musu da fila mai haɗi biyu, wadda ake cakuɗawa da maganin daskarewa. Ita ba ta tsukewa, amma cikin 'yan mintoci take fara tauri, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Kwaɓin farko na yi shi da yawa, rabinsa ya daskare a kan allo kafin in kai firam na biyu.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na goge filar jiya da 180. Da dare na kashe fitilar ɗaki, na kwantar da tocila a jikin katako haskenta yana bin fuskarsa, sai ga inuwar kowane kwari da tudu ta fito fili. Na zagaye wurare 31 da fensir waɗanda da rana na ɗauka sun yi daidai, yawancinsu ramukan ƙusa ne da filarsu ta nutse. Na sake cike su.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na kwashe ƙura da injin zuƙa a sababbin ɗakuna, na bi da tsumma mai ɗan danshi, ban manta da saman firam ba, inda ƙura ke kwanciya ta jira buroshi. A tsofaffin ɗakuna ban sa wannan injin ba, domin injin gida da ba shi da matata ta musamman yana iya watsa ƙurar dalma cikin iska. Da jiƙaƙƙen tsumma na share sau 2, na naɗe ledar ƙasa ta ciki na fitar, na shimfiɗa sabuwa.

Ranar Asabar na shafa shafen farko, wanda masu fenti ke kira firaima, a wani ɗan wuri a bayan ƙofar falo don gwaji. Irin wanda aka yi don kama fuska mai santsi ne, kuma takardar gwangwaninsa ta nuna yana hawa kan tsohon fentin mai. Yau da ya kwana 4, na zana layuka da reza a tsaye da a kwance, suka ba da ƙananan gidaje kamar na dara, na manna salatif na danna da farce, sannan na fizge da ƙarfi. Ko gida ɗaya bai taso ba. Don in kwatanta, na yi irin wannan gwaji a wani wurin da na shafa masa shafen da gangan ba tare da na goge sheƙinsa ba, a can gefunan wasu gidajen sun biyo salatif. Na daɗe ina kallon guntayen salatif ɗin nan biyu, domin a kansu na ga amfanin makonnin da na yi a durƙushe.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Kafin shafen gaba ɗaya, na fara da idanun katako, wato inda reshe ya taɓa fitowa a jikin bishiya. A katakon gindin bango na sababbin ɗakuna akwai su da yawa, kuma tun da can suna nuna rawayen tabo ta cikin farin fenti, saboda ƙaron da ke cikinsu yana ci gaba da tsattsafowa. Fentin ruwa ba ya tare shi ko sau nawa aka shafa. Abin da ke tare shi shi ne shafen shelak, wani ƙaro da ƙwaron lak ke fitarwa a kan bishiyoyi a Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit. Yana bushewa cikin ƙasa da awa guda, warinsa yana da ƙarfi, kuma yana kama wuta, don haka tagogi a buɗe na yi aikin. Kowane ido na shafa masa sau 2.

Da rana na manna salatif na takarda a gefen ƙasa, na shafa firaima a duk katakon, siriri, ba tare da na cika buroshi ba. Ba na neman ya rufe launin da ke ƙasa, wannan aikin fentin ƙarshe ne. Na kula sosai da wuraren fila da na katako tsirara, domin suna shan fenti fiye da kewayensu, idan ba a rufe su ba sai su fito dishi-dishi a tsakiyar sheƙi. Na cire salatif ɗin tun shafen bai gama tauri ba, ina ja a hankali a karkace.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na jinkirta toshe tsagogi har bayan firaima saboda dalili biyu: manne ya fi kama fuskar da aka shafe, kuma farin shafen yana bayyana kowace tsaga a fili. Na yanke bakin kwalbar ƙarami, a karkace, na ja siririn layi tsakanin katako da bango, na bi da jiƙaƙƙen yatsa sau ɗaya, na share abin da ya yi saura. Yawan manne yana cike lungunan ado ya mai da kusurwa mai kaifi ta zama dunƙule, kuma wannan ba ya gyaruwa da samfefa. A bayan firam ɗin kicin tsagar ta wuce milimita 6, sai na fara cusa siririyar igiyar soso a ciki don mannen ya sami abin jingina, kada ya nutse ya tsage. Ban toshe tsakanin katakon gindin bango da ƙasa ba, ban kuma taɓa inda ƙyauren taga ke motsi ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Firaima ya ɗan tayar da gashin katako a wuraren da suke tsirara, musamman a sabon guntun banɗaki, don haka na bi ko'ina da lamba 220, hannu sake, don kawai in kwantar da kaushin ba tare da na huda shafen ba. Na sake zagayen tocila da dare, wurare 4 kacal suka buƙaci ƙarin fila, na cike su, zan kuma ɗiga musu firaima gobe. Ido ɗaya a ɗakin yara ya sake nuna ɗan rawaya, na ƙara masa shelak.

Mai gini ya gyara gangaren banɗaki ranar Alhamis, amma simintin bai gama bushewa ba, saboda haka wannan firam ɗin shi zai zo ƙarshe. Sauran 15 da duk katakon gindin bango sun shirya. Na zaɓi fentin ruwa mai ɗan sheƙi wanda aka yi don katako, saboda farinsa ba ya komawa rawaya a wurin da ba haske kamar yadda na ga fentin mai ya yi a bayan kabad. Zan shafa shi sau 2, in bar tazarar da gwangwanin ya faɗa a tsakani, kuma ko da ya bushe a taɓawa cikin awoyi, yana ɗaukar makonni kafin ya kai cikakken taurinsa, don haka ba za a jingina kaya da shi ko a wanke shi da wuri ba. Ranar Litinin zan fara da firam ɗin tagogin falo, daga sama zuwa ƙasa, katakon gindin bango kuma sai an sake share ƙasa kafin in kai gare shi.